In an ba ka kwiri a aikin gwamnati: abin da za ka yi tun daga ranar da takardar ta shigo hannunka

Na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata, ta hannuna fayil-fayil na ladabtarwa suke wucewa kafin su je gaban kwamiti, kuma abin da ya fi damuna har yau shi ne yawancin mutanen da na ga sun rasa aiki ko an rage musu muƙami da bakinsu da hannunsu suka ɓata maganarsu a kwana ukun farko. Mutum ya samu kwiri, wato takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce, maimakon ya zauna ya rubuta amsa sai ya bazama gidajen manya, daga gidan limamin unguwa sai gidan ɗan majalisa sai gidan surukin darakta, ana ta waya ana ba da haƙuri, wa'adi ya wuce, fayil kuma babu komai a cikinsa sai tuhuma. Kwamiti fayil yake karantawa. Haƙurin da aka bayar a zaure da daddare ba ya shiga fayil.

Toh bari in bi maka abin daki-daki yadda na san shi.

Fara da sanin littafin da za a yi maka hukunci da shi

Ma'aikacin tarayya littafinsa shi ne dokokin aikin gwamnati da ake kira PSR. Bugun 2008 shi mutane suka fi sabawa da shi, maganar ladabtarwa tana babi na 3, shi yasa za ka ji tsofaffin ma'aikata suna ambaton lambobin dokokin babin, 030301 ko 030402, kamar lambar waya. An sake gyara littafin, bugun 2021, aka fara aiki da shi a watan Yulin 2023 lokacin Dakta Folasade Yemi-Esan tana shugabar ma'aikatan tarayya, babin ladabtarwa ya koma na 10. In kai ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, jiharku tana da nata littafin, kuma galibi daga na tarayya aka kwaso shi da ɗan gyara, jami'o'i da manyan asibitoci da hukumomi kuma kowacce tana da nata sharuɗɗan aiki. Ka nemi wanda ya shafe ka tun lafiya lau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Littafin ya raba laifi gida biyu, kuma wannan rabon shi ne komai. Akwai rashin ɗa'a na yau da kullum: yawan latti, barci a bakin aiki, ƙin tafiya inda aka yi maka tiransifa, jan ƙafa da gangan a kan takardar aiki, sakaci, ƙin bin umarnin da ya halatta, zagi, maye, wulaƙanta jama'ar da suka zo neman aiki a wajenka, ciwon ƙarya, har da talla a cikin ofis. E, atamfa da turaren wuta da ake zagayawa da su ofis-ofis ƙarshen wata yana cikin jerin, kawai dai ana kau da kai ne, ranar da aka so kama mutum kuwa da shi za a kama shi. Wannan rukunin zai iya kai wa ga gargaɗi, ko rage mataki, har ritayar dole.

Sai babban laifi, wanda in ya tabbata zai iya kai wa ga kora: sauya bayanan takardu, ɓoye ko riƙe fayil, cin hanci, almundahana, fitar da sirrin gwamnati, riƙe aiki biyu na cikakken lokaci kana karɓar albashi biyu, shiga siyasar jam'iyya, takura wa mata ko na ƙasa da kai da maganar lalata, kotu ta same ka da laifi, da kuma wanda ya fi cin mutanenmu, rashin zuwa aiki ba tare da izini ba. Mutane suna ɗauka wannan ƙaramin abu ne tunda ba kuɗi aka sata ba, alhali a layi ɗaya yake da cin hanci, kuma doka ta ce kai ne za ka kawo hujjar da za ta hana a kore ka. Akwai ma maganar bashi, in bashin da ke kanka wanda ba shi da jingina ya haura albashinka na wata uku ana iya lissafa shi a matsayin abin da ya zubar da mutuncin aiki, wannan mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Ranar da takardar ta zo

Karɓa ka sa hannu. Na san zuciya za ta ce kar ka karɓa, musamman in kana ganin sharri ne, amma ƙin karɓa ba ya tsayar da komai, masinja zai koma ya rubuta a littafin kai takardu cewa ka ƙi karɓa, a samu shaida ɗaya ya sa hannu, shikenan an ƙara maka laifin taurin kai a kan na farko. Sa hannun karɓa ba amsa laifi ba ne. Abin da za ka kula da shi kawai, ka rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa a gefen sa hannunka, domin wa'adin daga lokacin da ta shigo hannunka yake farawa, na sha ganin takardar da aka buga ranar Litinin ba ta isa ga mai ita ba sai Alhamis da yamma.

Akwai wani dattijo direba da ba na mantawa da shi. An kawo masa kwiri a kan mota da aka gani a wajen gari ranar Asabar, yana zaune a benci ƙarƙashin darbejiya a bakin gareji, ya kalli ambulan ɗin ya mayar da hannayensa baya ya ce shi shekara ashirin da wani abu yana tuƙa manya ba wanda ya taɓa ba shi takarda, ba zai fara yau ba. Na sauko da kaina na ce Baba don Allah ka karɓa, ni zan zauna da kai mu rubuta. Da ƙyar ya karɓa. Ashe ogansa ne ya aike shi kai gawar wani ma'aikaci ƙauye, kuma akwai 'yar takardar mai da ogan ya sa wa hannu a aljihun motar. Wannan 'yar takardar da ta yi datti da baƙin mai ita ta rufe maganar. Da ya tsaya a kan ƙin karɓa, da ba wanda zai tambaye shi ita.

Bayan ka karɓa kar ka yi magana da kowa a kai a ranar, kar ka shiga ofishin wanda ya ba ka kana huci, kar ka hau Facebook ko guruf ɗin WhatsApp na ofis kana habaici. Magana zarar bunu ce, kuma yanzu sikirinshot ake bugawa a liƙa a fayil.

Karanta ta sau uku kafin ka ɗauki biro

Kwirin da aka rubuta bisa ƙa'ida dole ta faɗi abu uku: me ka yi da yaushe da ina, wace doka ka karya da lambarta, da irin hukuncin da zai iya biyo baya. Sannan ta ba ka wa'adi, yawanci awa 24 ko 48 ko 72. Ka buɗe littafin ka duba lambar da aka ambata, shin a rukunin ƙaramin laifi take ko babba? Shin abin da aka ce ka yi ya dace da ita? Sau da yawa za ka ga an rubuta abu a dunƙule, wai halayyarka ba ta dace ba, babu rana babu wuri. Irin wannan ka amsa cikin ladabi ka nemi a fayyace maka abin da ake nufi domin ka iya kare kanka, kar ka fara zato kana tono wa kanka laifukan da ba a tambaye ka ba.

Ka duba kuma wa ya sa hannu. Tsarin mulkin 1999 Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ya ba ikon ɗauka da kora da ladabtarwa, ita kuma ta sauke wani ɓangare ga manyan sakatarori. Ƙananan ma'aikata, mataki na 06 zuwa ƙasa, maganarsu a ma'aikata take ƙarewa a kwamitin ƙananan ma'aikata. Daga mataki na 07 zuwa 13 kwamitin manyan ma'aikata ne yake zama, amma kora sai ta je hukumar. Daga 14 zuwa sama kuwa hukumar ce da kanta. Ogan sashenka yana da ikon ba ka kwiri, ba shi da ikon korarka, duk ihun da zai yi.

In tuhumar babba ce wadda za ta iya kai wa ga kora, kana da haƙƙin ganin takardu da rahoton da aka dogara da su. Ka nema a rubuce. In wa'adin ya yi kaɗan saboda takardun suna wani gari ko kana kwance asibiti, ka rubuta neman ƙarin lokaci kafin wa'adin ya cika, a buga maka hatimin karɓa. Neman ƙari da baki, ko oga ya ce ba komai je ka, ba ya tsare ka da komai.

Rubuta amsar

Nan ne wajen da ya kamata ka ɓata dare. Amsar da Turancin ofis za ka rubuta ta, in hannunka bai faɗa ba ka samu wanda ya iya, amma kar ka bar shi ya rubuta abin da ba ka fahimta ba, ya karanta maka ya fassara layi-layi kafin ka sa hannu. Akwai masu rubuta wa mutane amsa da kalmomi manya-manya na ban haƙuri, a ciki su amsa laifin gaba ɗaya ba tare da mai shi ya sani ba.

Tsarin ba wuya. Ka sa lambar takardar da kwananta a sama, ka aika ta ga wanda ya ba ka ta hannun shugaban sashenka in haka tsarinku yake. Sai ka ɗauki tuhumar ɗaya bayan ɗaya, in guda uku ce ka amsa uku, domin wadda ka tsallake za a ɗauka ka yarda da ita. Kowacce ka faɗi abin da ya faru da rana da lokaci da sunan ofishin wanda ya sani, ka liƙa kwafin hujja ka ba kowacce lamba. Katin asibiti, takardar izini, shafin rajistar zuwa aiki, shafin littafin da ke nuna ranar da fayil ya bar teburinka. Kwafi za ka liƙa, na asali ya zauna a gida.

Abu biyu nake roƙon ka guje musu. Na farko ƙarya. In ka yi lattin ka yi, rajista tana nan, kuma takardar asibiti ta bogi ita ce take mayar da maganar gargaɗi ta koma maganar kora, domin kwamiti yana rubuta wa asibitin ya tambaya, daga nan ba maganar fashin kwana huɗu ake ba, maganar jabun takarda ake. In ka yi kuskure ka faɗa a taƙaice, ka faɗi dalili, ka nuna shekarun da ka yi fayil ɗinka ba tabo, ka nemi sassauci. Wallahi na ga wannan ya yi aiki fiye da sau goma. Na biyu, kar ka mayar da amsar wajen ramuwa, kana cewa ai wane ma yana yi, ai oga ya tsane ni tun da na ƙi kaza. Ko gaskiya ne ba nan ne wurinsa ba, ƙorafi a kan oga takardarsa daban, hanyarsa daban.

Amma in abin da ake tuhumarka ya shafi kuɗi ko wani abu da zai iya kai ka hannun 'yan sanda ko EFCC ko ICPC, kar ka rubuta ko layi ɗaya sai lauya ya gani. Abin da ka sa wa hannu a ofis zai iya bin ka har kotu.

Da ka gama ka yi kwafi biyu, ka kai da ƙafarka, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Kar ka ba abokin aiki ya miƙa maka, kar ka ajiye a teburin sakatariya ka tafi. Takardu suna ɓata a ofisoshinmu, wani lokacin sakaci wani lokacin da gangan, kwafin nan mai hatimi shi ne shaidarka ko bayan shekara biyar.

Wata baiwar Allah ma'aikaciya mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya a wani gari, ta kira ogarta a waya ta ce Hajiya zan tafi jinya, Hajiya ta ce Allah ya ba ta lafiya, je ki. Ta yi sati biyar. Kafin ta dawo an yi wa Hajiyar canjin wajen aiki, sabon da ya zo ya tarar da kujera ba kowa, rajista ba sa hannu, fayil ba takardar hutu. Ta zo ofishinmu da jakar leda cike da katunan asibiti da rasit na magani, idonta ya kumbura, tana cewa ai na faɗa, ai an ce in tafi. Abin da ya cece ta shi ne tsohuwar ogar ta yarda ta rubuta layi huɗu ta tabbatar da wayar, duk da haka sai da ta sha takardar gargaɗi. Da Hajiyar ta ce ba ta tuna ba fa? Tun daga lokacin duk wanda ya ce min zai yi tafiyar gaggawa nake ce masa ko a bayan takardar kalanda ne rubuta ka ajiye, ko ka tura saƙon tes ka adana shi, in ka isa ka biyo da takarda.

In an dakatar da kai

Dakatarwa iri biyu ce kuma mutane suna haɗa su. Akwai wadda ake kira intadikshin, ana cire ka daga bakin aiki yayin da ake bincike amma ana biyanka rabin albashi, in aka wanke ka a biya ka ragowar da aka riƙe. Akwai kuma sasfenshin, wannan sai an ga alamar babban laifi ƙarara, kuma albashi yake tsayawa gaba ɗaya. Ka karanta takardarka da kyau ka ga wacce aka rubuta. A duka biyun har yanzu kai ma'aikaci ne, ba ka barin garin da kake aiki sai ka sanar, ba ka fita ƙasar waje sai da izini, ko da Umara ce. Ka bar adireshi da lambar da za a same ka, domin in aka aiko gayyata ba a same ka ba zama zai ci gaba ba kai.

Tun a bugun 2008 an rubuta cewa a gama duk maganar ladabtarwa cikin kwana 60, sai dai in akwai shari'ar laifi a kotu. A aikace ana barin mutum shekara yana zaune a gida da rabin albashi, wannan zalunci ne kuma bai kamata ka yi shiru ba. In kwana 60 ya wuce ka rubuta tunatarwa cikin ladabi, ka ambaci dokar, ka karɓi hatimi, bayan wani lokaci ka sake.

Gaban kwamiti

Ka je. Ko kana ganin an riga an gama da kai ka je, rashin zuwanka ba ya ɓata zaman. Ka zo da fayil ɗinka a jere, ka sanar da ƙungiyarku tun da wuri, manyan ma'aikata suna da ASCSN, malamai NUT, na ƙananan hukumomi NULGE, kuma wakilin ƙungiya da ya saba da irin wannan zaman ya fi ɗan'uwanka mai zafin kai amfani.

A kwamitin bincike na maganar kora mutum uku ne aƙalla, kuma shugaban sashenka bai kamata ya zama ɗan kwamitin ba. Wanda ya kai ƙararka ba zai zauna ya yi maka alƙalanci ba, in ka gan shi a kujerar kwamiti ka faɗa da ladabi, ranka ya daɗe ina roƙon a rubuta cewa ban gamsu da zamansa ba, ka tabbatar an rubuta. Kana da damar kawo shaidunka, kana da damar yi wa shaidunsu tambaya, kuma ba a amfani da takardar da ba a taɓa nuna maka ba. In aka zaro wata sabuwa a wajen ka nemi lokaci ka karanta. Amsa abin da aka tambaye ka kawai ka tsaya. Da ka fito ka zauna ka rubuta duk abin da ya faru tun kana tunawa, waye ya ce me, ƙarfe nawa aka fara aka tashi.

Bayan hukunci

Hukunci hawa-hawa ne, daga gargaɗi a rubuce, riƙe ƙarin albashi na shekara, biyan abin da ka jawo aka yi asara, rage mataki, ritayar dole, har kora. Tsakanin ritayar dole da kora akwai nisa sosai, mai ritaya yana tafiya da haƙƙoƙinsa, korarre kuwa littafin ya ce ya rasa su, sai dai abin da dokar fansho ta tanada a kan kuɗin da ke asusunsa na fansho, wannan kamfanin fanshonka za ka tuntuɓa. Saboda haka in laifin ya tabbata kuma ba makawa, roƙon da ya fi ma'ana a rubuce shi ne a sassauta zuwa ritaya ko rage mataki.

In ba ka yarda da hukuncin ba ka ɗaukaka ƙara ta hanyar ofis zuwa hukumar ma'aikata, a rubuce, ka nuna takamaiman inda aka tsallake ƙa'ida. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a jihohi kuma ba a biyan kuɗi, amma ba ta karɓar maganar da ta wuce wata 12.

Kotun da take sauraren wannan ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010 ita kaɗai ke da hurumin rikicin aiki, tana zama a Abuja da Kano da Kaduna da wasu garuruwa. Aikin gwamnati da doka ta kafa ba kamar aikin kamfani ba ne, in aka kore ka ba bisa ƙa'ida ba kotu tana iya cewa a mayar da kai kujerarka a biya ka albashin baya. Kotun Ƙoli ta tsayar da wannan tun a shari'ar Shitta-Bey a 1981, da ta Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, da ta Laoye a 1989 wadda aka kafa ta a kan cewa ba a saurari mutum yadda ya kamata ba, haƙƙin da yanzu yake sashe na 36 na tsarin mulki.

Sai dai ka kula da lokaci sosai. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata 3, lauyoyin gwamnati kuma ita suke fara ɗagowa, an sha jayayya a kotu a kan ko ta shafi maganar aiki ko ba ta shafa ba, kai dai kar ka bari taka ta zama abin gwaji. Ranar da takardar kora ta shigo hannunka ka rubuta kwanan wata a jikinta, ka shigar da kokenka na ofis a satin, kuma a satin nan dai ka kai wa lauya kwafin komai, kwirin da amsarka mai hatimi da gayyatar kwamiti da abin da ka rubuta bayan zaman, ya fara lissafin kwanakin yayin da kake jiran amsar hukuma.